Amsa kan "-itis" da ke ƙarshen sunayen cututtuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Na saurari tambayar da ƙanwarmu ta turo jiya da daddare, inda ta ce likita ya rubuta "gastritis" a katin mahaifiyarta, ita kuma da ma ta san "hepatitis" da "meningitis", shi ne hankalinta ya tashi, tana tsoron ko dangin cuta ɗaya ne tunda ƙarshensu ya zo iri ɗaya. Ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan "-itis" ɗafa-ƙeya ce kawai, wato ƙari da ake liƙawa a ƙarshen kalma, kuma abin da take nufi a bakin likitocin yau shi ne kumburi, ba ta nuna girman cuta ko ƙanƙantarta.

Asalinta daga harshen Girka ne, kuma a can farko ba ta da alaƙa da kumburi ko kaɗan. Girkawa suna kiran cuta "nosos", kalmar kuwa tamace ce, kamar yadda "cuta" take tamace a Hausa. Ita "-itis" aikinta shi ne aikin da "ta" ke yi idan muka ce cuta ta gaɓoɓi ko cuta ta ƙoda. Gaɓa a wurinsu "arthron" ce, sai su ce "arthritis nosos"; ƙoda kuma "nephros", sai su ce "nephritis nosos". Da tafiya ta yi tafiya aka yar da "nosos" saboda kowa ya san abin da ake nufi, sifar ta tsaya da ƙafarta ta zama suna. Irin waɗannan sunaye suna cikin rubuce-rubucen da ake danganta wa Hippocrates, likitan tsibirin Kos wanda aka haifa wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai a ƙarni na 18 da na 19 ne likitocin Turai suka keɓe ta ga kumburi, har suka riƙa liƙa ta a kalmomin da ba na Girka ba. Misali, "appendix" Latin ce, amma a 1886 wani likita a Boston ta Amurka, Reginald Fitz, ya haɗa "appendicitis", sunan kuma ya zauna har yau.

Kumburin da ake nufi ya fi wanda ido ke gani faɗi. Ki tuna ranar da sartse ya shige miki yatsa kika kwana ba ki cire ba. Da safe wurin ya yi ja, ya tasa, idan kin taɓa kin ji ɗumi, yana kuma zogi kamar ana buga ƙaramar ganga a ciki. Waɗannan alamomi huɗu su ne wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya lissafa tun ƙarni na 1 miladiyya. Jiki ne ke turo jini da fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin da ya ji rauni. Idan haka ta faru a bangon tumbi, wanda Girkawa ke kira "gaster", an samu "gastritis". A hanta, wato "hepar", an samu "hepatitis". A tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wato "meninx", an samu "meningitis", shi ne sanƙarau, wanda ake garzayawa da shi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, kalmar tana gaya miki inda kumburin yake, amma ba ta gaya miki abin da ya kawo shi. Yana damuna ƙwarai yadda mutane da zarar sun ga "-itis" sai su nemi maganin kashe ƙwayoyin bakteriya. Kumburin hanta kan zo daga bairos iri biyar, A, B, C, D da E, ko daga giya, ko daga wasu magunguna, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa bairos. Shi kumburin tumbi irin na Mama yana iya zama daga yawan shan aspirin ko ibuprofen, yana kuma iya zama daga ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna aikinta a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Maganin wannan daban, na wancan daban.

Ƙa'idar ma ba ta rasa togaciya ba, domin "rachitis", cutar da ke tanƙwara ƙafafun yara, ƙarancin bitamin D ne ya fi kawo ta ba kumburi ba, sannan nimoniya kumburin huhu ce alhali babu "-itis" a sunanta.

Saboda haka idan kun koma wurin likita, ki tambaye shi abin da yake ganin ya jawo wa Mama kumburin, ko akwai buƙatar gwajin waccan ƙwaya ta Helicobacter pylori, kuma ki tafi masa da duk magungunan da take sha a gida, har da na ciwon gwiwa, a cikin kwalayensu. Wassalamu alaikum.