Likitoci Huɗu a Kan Yaro Ɗaya

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 6 yana da farfaɗiya da ciwon zuciya, haɗiya ma tana ba shi wuya. Likitoci huɗu ke duba shi, kowa da nasa magani. Yaya zan haɗa kan abin?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ki roƙi likitan yara guda ɗaya ya zama jagora, duk canjin magani a sanar da shi.

Sai ki tanadi fayil ɗaya, ki riƙa zuwa da shi ko'ina. Shafin farko ya ƙunshi cututtukansa, nauyinsa a kilo da ranar awo, magungunan da jikinsa ba ya ɗauka, da kowane magani da lokacin shansa. Ki rubuta adadin a miligiram, ba a cokali ko mililita kaɗai ba, domin maganin ruwa iri ɗaya kan zo da ƙarfi daban-daban. Yaro kuma yana girma, sai adadin bara ya gaza bana, farfaɗiyar ta dawo.

Babban haɗarin shi ne magunguna su yi karo. Misali, idan yana shan carbamazepine (maganin farfaɗiya), aka ƙara masa erythromycin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) saboda tari, na farkon zai taru a jini, ya kawo jiri, amai da tangaɗi. Don haka ki nuna jerin kafin a rubuta sabo, ko da a kemis ne.

Kada maganin farfaɗiya ya yanke kwatsam. Ki karɓo wani tun da sauran na mako guda. Idan jijjiga ta kai minti 5, a garzaya asibiti, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki.