Amsoshin Tambayoyinku: Shan Mai, Gyaran Mota da Shawarar Komawa Gas

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, tambayoyin da masu motoci ke aiko wa wannan fili suka sauya salo. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ga wasu daga cikin tambayoyin da suka zo daga unguwannin Kano.

Wani ma'aikaci daga Gyaɗi-Gyaɗi ya rubuto cewa: "Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Shan manta ya ƙaru sosai, fitilar gargaɗin inji kuma ba ta mutuwa. Bara makanikena ya cire mata tamosta saboda zafin gari, ya haɗa fanka kai tsaye, yanzu kuma yana cewa a cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Me ya kamata in saya ko in canza?"

Malam, kada ka sayi komai sai ka auna. Ka cika tanki har famfon gidan mai ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya na allon mota zuwa sifiri, ka ci gaba da zirga-zirgarka kamar yadda ka saba. Bayan kwanaki ka koma gidan man da ka sha, ka sake cikawa, sannan ka raba kilomitar da ka yi da yawan litar da ta shiga. Corolla mai inji 1.8 wadda take da lafiya takan yi kilomita 9 zuwa 11 da lita ɗaya a cikin gari, gwargwadon cunkoso da amfani da na'urar sanyaya mota. Idan taka tana yin 6 ko 7, lallai akwai matsala, kuma ina zargin ta faro ne daga aikin da aka yi mata bara.

An ƙera injin ne don ya yi aiki a zafin da ya kusanci digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, aikin tamosta kuwa shi ne tsare ruwa a cikin inji har ya kai wannan zafin kafin ta buɗe masa hanyar lagireto. Idan aka cire ta, aka kuma bar fanka tana juyawa tun daga tayar da mota, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu da kuma gajerun tafiye-tafiye irin na kai yara makaranta. Kwamfutar motar kuma, muddin tana ganin injin da sanyi, sai ta ci gaba da zuba masa fetur fiye da kima. Wannan ɗabi'a ta cire tamosta ta zama ruwan dare a garejojinmu, kuma raina yana ɓaci da ita, domin tana rufe ainihin ciwon ne kawai. Motar da take zafi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, galibi lagiretonta ne ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji. Toshewar kuma tana biyo bayan zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke barin tsatsa da gishiri a cikin ƙananan hanyoyin ruwan. Ka sa a wanke lagireto, a mayar da sabuwar tamosta, a gyara wayar fanka yadda kamfani ya yi ta, a zuba ruwan sanyaya inji na galan.

Game da fitilar gargaɗi, ka kai motar wurin mai kwamfutar binciken mota, ka kuma nemi ya rubuta maka lambar matsalar da ta fito kafin ya goge ta. Sau da yawa sensar da ke auna iskar salansa ce ta mutu, ko fulogi ya ƙare, ko nozul ya yi datti, kowannensu kuma yana ƙara shan mai. Ka duba matatar iska da idonka, domin ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. Indomi kuwa kada ka yarda a taɓa ta sai an tabbatar da cewa ta toshe. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa take da masu saye, kuma cire ta yakan bar fitilar nan a kunne dindindin, ya bar iyalinka da maƙwabtanka da hayaƙi mai guba. Idan za ka sayi sensa ko tamosta a Ƙofar Ruwa, ka tafi da tsohuwar ko da lambarta, ka kuma yi sharaɗin mayarwa idan ba ta yi aiki ba.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Rijiyar Zaki: "Motata Honda Accord ce mai silinda shida. Ina yin kusan kilomita 600 a wata. An ce in sayar in cika naira miliyan uku in sayi ƙaramar mota, wasu kuma sun ce in mayar da ita mai amfani da gas. Wanne ya fi?"

Malama, bari mu yi lissafin da alƙaluman da kika bayar, mu ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin ƙidaya. Idan motarki tana yin kilomita 7 da lita ɗaya, kina ƙona kusan lita 86 a wata. Ƙaramar mota mai yin kilomita 11 za ta ƙona kusan lita 55. Bambancin lita 31 ne, wato naira 31,000 a wata, ko 372,000 a shekara. Ke nan sai kin yi shekara takwas kafin cikon miliyan ukun nan ya dawo aljihunki, kuma wannan idan motar da kika saya ba ta zo da nata ciwon ba. Motar da kike hannu da ita kin san tarihinta, kin san abin da aka canza mata, wadda za ki saya kuwa sai abin da dillali ya faɗa miki. Da a ce kina yin kilomita dubu biyu a wata, kamar masu zuwa aiki Wudil ko Bichi kullum, da lissafin ya sauya, da na ce ki sayar. A yadda tafiyarki take, ina ganin ki riƙe motarki, ki kashe wani ɗan kaso na kuɗin wajen yi mata cikakken sabis.

Batun gas yana buƙatar natsuwa. Gas ɗin mota da ake kira CNG daban yake da na girki. Ana matsa shi a tukunya da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin matsin iska na "bar", ninkin ba ninkin abin da tukunyar girki za ta iya ɗauka, saboda haka tukunyar da aka ƙera a wurin mai walda bam ce a cikin but. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wurin shan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka danganta abin da tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba. Duk wanda zai yi wannan aiki, ya kai motarsa cibiyar da ke da izinin hukuma, ya karɓi takardar shaidar tukunya mai ɗauke da ranar ƙira da ranar sake gwaji. Gwamnatin tarayya ta kafa shirin shugaban ƙasa na CNG a 2023 don wannan sauyi, kuma gaskiya ne cewa tafiya da gas ta fi ta fetur araha. Sai dai tukunyar tana cinye rabin but, nauyinta ya haura na buhun siminti, motar tana ɗan rage ƙarfi, kuma cikawa ɗaya ta matsakaiciyar tukunya ba ta wuce kwatankwacin lita 15 na fetur ba. Babban abin dubawa a Kano shi ne wurin sha. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, kuma muddin gas bai wadatu ta wannan hanya ba, a manyan motoci ake kawo shi daga kudu, abin da ke nufin layi da yankewa. Mai tasi ko mai bas da ke wuni a kan titi zai iya mayar da kuɗinsa cikin watanni. Ke da kike yin kilomita 600 a wata, ki fara zuwa wurin sha mafi kusa da gidanki sau biyu ko uku a lokuta daban-daban, ki ga tsawon layin, ki tambayi direbobin da ke ciki sau nawa gas ke yankewa, sannan ki yanke shawara.

Wani ɗan kasuwa daga Kurna ya ce famfon man motarsa ya mutu sau biyu cikin shekara guda, yana tambaya ko jabu ake sayar masa. Ya ƙara da cewa man dubu uku ko dubu biyar yake sha, wani lokaci a wurin 'yan bumburutu.

Alhaji, jabun kaya suna nan a kasuwa, amma yadda kake shan mai ya isa ya kashe famfo na asali. Famfon yana zaune ne a cikin tanki, fetur ɗin da ke kewaye da shi kuma shi ne ke sanyaya shi. Motar da kullum fitilar mai take kunne tana barin famfon yana aiki da zafi, wani lokaci yana zuƙar iska idan an sha kwana ko an hau gada. Na san halin da ake ciki, ba kowa ke iya cika tanki ba. Amma ka lura da cewa motar da ke yawo tsakanin kwata da rabin tanki da wadda ke yawo tsakanin kwata da babu, man da suke ƙonawa ɗaya ne. Sau ɗaya kawai za ka daure ka ɗaga man zuwa sama da kwata, daga nan ka ci gaba da shan na dubu biyar ɗinka, kana ɗaukar kwata a matsayin ƙarshen tanki. Man galan na bakin titi kuma ka bar shi sai larura, saboda ƙura da ruwa da gauraye. Masu motoci ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, ya lalata injuna, ya jawo dogayen layuka. Idan mai irin wannan zai iya biyowa ta babbar hanya, na jarkar da babu mai sa ido a kanta ya fi cancantar a yi taka-tsantsan da shi. Idan za a sa sabon famfo, a sauke tankin a wanke, a canza matatar da ke bakinsa.

Akwai wanda ya tambaya daga Hotoro ko ya koma baƙin mai mai kauri, 20W-50, tunda ya fi araha kuma an ce shi ya dace da zafin Arewa. Malam, ka duba murfin da ake zuba baƙin mai ko littafin motar. Yawancin motocin Toyota da Honda na shekarun 2000 zuwa sama 5W-30 ko 5W-20 aka rubuta musu, domin hanyoyin mai na cikin injinsu ƙanana ne, mai kauri kuma yana jinkirin isa saman inji da safe, yana ƙara wa injin nauyi, yana ƙara shan fetur. Tsohuwar mota irin Peugeot 504 ko injin da ya riga ya fara cin baƙin mai, wannan wani batu ne daban. Wurin da ba na so ka yi tsimi shi ne lokacin juye. A ƙura da cunkoson Kano, kilomita 5,000 ko wata shida ma'auni ne mai kyau ga mai na yau da kullum, tare da sabuwar matata kowane juye. Ka sayi galan a rufe daga dila sananne, ka tsaya a buɗe shi a gabanka.

Mutane da dama sun tambaya a kan ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da ƴan na'urorin da ake tallatawa a Facebook da sunan rage shan mai da rabi. Kada ku saya. Da suna aiki, da kamfanonin ƙera motoci, waɗanda ke kashe maƙudan kuɗi don rage ɗigon mai, sun daɗe da sa su a motocinsu.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi ne a Sharaɗa, wanda ya ce yakan mayar da giya firi ko ya kashe inji idan yana gangarowa daga gada, yana kuma sa wa tayoyinsa iska 45 don motar ta yi sauƙi. Ɗan'uwa, kashe inji a kan tafiya ka daina shi daga yau, domin birki da sitiyari duka da ƙarfin inji suke samun taimako, kuma bayan taka birki sau ɗaya ko biyu zai yi tauri a lokacin da ɗan adaidaita sahu ya shigo gabanka. Firi ma ba ta da ribar da kake zato, saboda motar zamani tana yanke fetur da kanta idan ka ɗaga ƙafa daga totur alhali tana cikin giya, a firi kuwa dole ta ci gaba da sha don kada injin ya mutu. Iskar taya tana rubuce a jikin ƙofar direba, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Ƙarancin iska yana ƙara shan mai, yawanta kuma yana cinye tsakiyar taya, yana rage riƙon titi. Ka sayi ma'aunin iska naka, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, domin ma'aunin masu faci da yawa ya daina faɗin gaskiya. Ɗumama mota da safe bai kamata ya wuce minti ɗaya ba, daga nan ka tashi a hankali. Idan za ka jira wani a bakin Kantin Kwari ko ƙofar makaranta fiye da ƴan mintuna, ka kashe injin, domin motar da ke tsaye da na'urar sanyaya a kunne tana iya ƙona kusan lita guda a cikin awa ɗaya.