Amsa: Waƙoƙin Beatles na farko da ba a cika jin su ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Liverpool a Ingila, na da waƙoƙin farko masu zafi ban da waɗanda rediyo ta gajiyar da mu da su. Akwai su kuwa, sai dai yawanci a bayan faifai aka ɓoye su.

Fara da "Cry for a Shadow". A Hamburg ta Jamus suka ɗauke ta a 1961, lokacin Pete Best ne ke kan ganga, Ringo Starr, wanda ya gaje shi, bai shigo ba. Babu rera waƙa a cikinta, kiɗa ne zalla, kuma ita kaɗai ce ke ɗauke da sunan George Harrison da John Lennon su biyu a matsayin waɗanda suka tsara ta. Ka kasa kunne ga jitar George, kwaikwayon ƙungiyar makaɗan jita ta The Shadows yake yi, rabi girmamawa rabi tsokana, ga ihun samari can a baya.

Ni dai wadda ta fi kwanta min a rai ita ce "There's a Place". Ranar 11 ga Fabrairun 1963 aka ɗauke ta, John na fama da mura, shi ya sa muryar ta ɗan dushe. Wallahi dushewar nan ce ta ƙara mata armashi, balle inda muryar Paul McCartney ta hau saman tasa.

"I'll Get You", wadda ke bayan faifan "She Loves You", ba laifi. "Thank You Girl" kam ba ta dame ni ba.

In kana son jin yadda suke kiɗa a gidajen rawa na Liverpool, nemi kundin Live at the BBC na 1994, ka saka "Some Other Guy", ka ƙure sauti.