Shagon allon zamiya a Kalgari: Alhaji, kada ka taɓa bencin nan

Tambayar wannan makon daga Kalgari ta zo, a lardin Albata na ƙasar Kanada. Mai ita ya ce shekara 12 ya yi yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari kafin ya koma can da iyalinsa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Malam, akwai wani Bature a unguwarmu mai shagon allunan zamiya, da na tayoyi da yara ke hawa a kan siminti, wanda suke kira siketbod, da na dusar ƙanƙara, wato sinobod. Shekararsa 19 a wurin, yanzu ciwon gwiwa ya matsa masa, yana son ya sayar. Ya yi masa kuɗi dala dubu 180: kaya dubu 110, kayan aiki da kantoci dubu 20, sunan shago dubu 50. Ina da dubu 120 a hannu, kuma ba na son bashin banki saboda kuɗin ruwa. Abin da ke damuna shi ne kullum shagon cike yake da samari a kan wani benci suna kallon bidiyo, ba sa sayen komai. Niyyata in na karɓa in cire bencin, in sallami yaron shagon in sa ɗan yayata, in ƙara kayan waya a gefe. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Amma in har abubuwa ukun nan da ka lissafa su ne shirinka, gara ka bar kuɗinka inda suke, domin dala dubu 50 da mutumin ya ce kuɗin suna ne, kuɗin bencin nan ne da waɗanda ke zaune a kai. Za ka biya kuɗin abu ranar Litinin, ka fitar da shi bola ranar Talata.

Ka tuna majalisar ƙofar shagonka a Kwari. Mutum nawa ne cikin masu zama suka taɓa sayen turmi guda a rana? Amma da bikin ƙanwar ɗaya ya tashi, anko a wurinka aka fitar. Wannan ma haka ne, sai dai ya fi tsanani. Duk abin da ke rataye a bangon shagon nan ana samunsa a intanet, wani lokaci ma da sauƙi, a kawo wa mutum har ƙofar gida. Abin da ya sa yaro zai ƙi na intanet ya zo ya ƙirga kuɗinsa a kan kanta shi ne a nan abokansa suke, a nan ake sanin wa ya iya wa bai iya ba, a nan ake shirya wanda zai ɗauki wa a mota zuwa dutsen zamiyar ƙanƙara ranar Asabar. A cikin masu wasan nan sayen allo a babban kanti abin kunya ne, ana yi wa mutum dariya. Wannan kunyar ita ke ciyar da ƙananan shaguna irin wanda kake nema.

Na taɓa tsayawa a irin wannan shago na kalli yadda ake haɗa allo. Yaro ya shigo da nasa ya karye gida biyu a hammata. Ya zaɓi sabo daga bango, ya aje a ƙasa, ya taka da ƙafa biyu don ya ji faɗinsa. Yaron shago ya ɗauko takardar nan mai kama da samfefa, ya manna a saman allon, ya bi da tafin hannu yana korar iska, ya goge gefen da ƙarfe har farin layi ya fito, ya sa reza ya yanke a zagaye ɗaya. Ya huda ramuka takwas, ya kwance ƙarafan tayoyi daga tsohon allon ya ɗaura a sabon, ya juya taya da yatsa ya ce wa yaron boris ɗinka ɗaya ya mutu, ya buɗe durowa ya sa masa wani tsoho kyauta. Duka bai fi minti goma ba, kuma kuɗin allo kawai aka karɓa. Ɗan yayarka zai iya koyon yankan takardar a mako guda. Abin da ba zai koya a shekara ba shi ne yaran su yarda da shi idan ya ce wannan allon ya fi wancan. Yaron shagon kuwa sun ga yana hawa, sun ga ya faɗi ya tashi. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka zauna da shi ka ji ko zai tsaya, ka ƙara masa a kan abin da yake samu. Mafi ƙarancin albashi a Albata dala 15 ne a awa tun 2018. Wanda ke riƙe maka da kwastomomi bai kamata ya zauna kusa da wannan layin ba. Ɗan yayarka ya shigo a ƙarƙashinsa.

Yanzu kuɗi. Abin da ya fi ba ni tsoro a cinikin nan ba sunan ba ne, dala dubu 110 na kaya ne.

Shagon nan kasuwa biyu ce a ɗaki ɗaya, kuma halinsu ya sha bamban. Kayan tayoyi kamar cefane ne. Allon falle bakwai ne na katakon bishiyar mafil da aka manne, mai hawa kullum yakan karya shi ko ya cinye shi cikin 'yan makonni, takalmi kuma takardar yashin nan na yage shi. Kuɗin kaɗan ne, amma yana juyawa, kuma kana iya sarowa kaɗan-kaɗan duk wata. Kayan ƙanƙara kuwa kamar noman damina ne. Kamfanoni irin su Burton suna karɓar oda tun tsakiyar hunturu, wajen Janairu zuwa Maris, na kayan da za su iso maka a ƙarshen bazararsu ko kaka. Wato kana yin alkawarin kuɗi wata bakwai ko takwas kafin ka san ko ƙanƙara za ta sauka da kyau. Allon, da maɗaurin ƙafa, da takalmin but, da rigar sanyi, da hular kwano, duk masu tsada ne, kuma kowace shekara ana sauya zane. Abin da ya kai Maris bai fita ba ya yi kwantai, sai an karya farashi. Ka san wannan a atamfa: yayin bara ba ya kuɗin yayin bana, ko da zaren ɗaya ne.

Saboda haka kada ka karɓi dubu 110 a baki, cinikin biri a sama ke nan. Ku rufe shago yini guda ku ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, da rasiɗin sari a hannu. Na bana ka biya kuɗin da ya saro. Na bara, a ganina, kada ka wuce rabi. Wanda ya shekara biyu ko fiye, ko dai ya kwashe abinsa, ko ya bar maka ka sayar ka ba shi kuɗin bayan ka cire la'adarka. Ka lura da takalman but musamman: idan manya-manyan lambobi da ƙanana kawai suka rage, na tsakiya duk sun tafi, kwalaye ne kawai ke cika maka ido. Sannan ka tambaye shi a rubuce odar da ya riga ya sa ta hunturu mai zuwa, nawa ce, yaushe za a biya. Wannan bashi ne da ba ya kan kanta, kuma kai zai samu.

Wurin da Allah ya sa ka yana da kyau, wannan kam ba musu. Cikin garin akwai tudun WinSport, inda aka yi wasannin Olamfik na hunturu a 1988, nan yara ke koyo bayan an tashi makaranta. Garin Banf da ke cikin duwatsu tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma filin zamiyar ƙanƙara na Sunshine da ke can yakan buɗe daga Nuwamba har cikin Mayu, lokaci mai tsawo ƙwarai. A tsakiyar gari ga filin siminti na siketbod da aka buɗe a 2000 da sunan Millennium, kyauta ake shiga. Ga kuma iskar nan mai ɗumi, Shinuk, da kan narkar da ƙanƙarar gari a tsakiyar Janairu, sai ka ga yara sun fito da allunan tayoyi; don haka ba a sauke su daga bango da sunan hunturu ya yi. Tun da sinobod ya shiga Olamfik a Nagano a 1998, siketbod kuma a Tokyo a 2021, iyaye sun rage kallon abin a matsayin shashanci, kuma iyaye ne masu katin banki.

Ina ribar take? Ba a allon manyan kamfanoni ba. A can ribar siririya ce, kuma kowa ya san farashi. Tana cikin riga da hula da allo masu ɗauke da tambarin shagon kansa, waɗanda kai za ka sa a buga maka. A ce riga ta tsaya maka dala 12 ka sayar 35, babu wanda zai je intanet ya samo ta da araha, don babu ita a can. To amma wa zai sa riga mai sunan shagon da aka kore shi daga benci? Sai kuma teburin gyara na baya. Mutum ya kawo allon ƙanƙara, a ɗiga masa kaki da dutsen guga, a baza, a bari ya huce, a kankare, a goge da buroshi, a wasa ƙarfen gefe. Kakin ba shi da tsada, aikin hannu ake biya, kuma mai zuwa dutse duk mako zai dawo sau da yawa kafin hunturu ya fita. Ka duba littafin shagon ka ga nawa teburin nan ke kawowa. Idan mai shagon ne da kansa ke wannan aikin, to ka san akwai gurbin da za ka cike da albashi.

Kayan waya kuwa ka manta da su. Riba kaɗan, ga shi za su sa wurin ya koma kamar kowane shago.

Batun ƙin kuɗin ruwa ya zo daidai da abin da zan ba ka shawara ko da ba ka faɗa ba. Kada ka zuba dubu 120 ɗinka duka. Ka riƙe aƙalla dubu 35 zuwa 40 don haya da albashi da odar kaka, domin shagon da ba shi da sabon kaya a Oktoba ya rasa shekarar. Ragowar cinikin mai shagon ya bi ka bashi: ku tsayar da farashi guda, ka biya kashi-kashi cikin shekara uku, ba ƙari. Wannan sananne ne a cinikin ƙananan kasuwanci a Kanada, sai dai yawanci da ruwa ake yi, don haka ka gaya wa lauyanka tun farko yadda kake so a rubuta. Amfaninsa biyu. Ka tsira daga banki, shi kuma mutumin yana da dalilin son shagon ya rayu. Ka sa a yarjejeniya zai riƙa zuwa kwana biyu ko uku a mako har hunturu guda ya wuce, ya gabatar da kai ga dilolin kamfanoni, kuma ba zai buɗe irin shagon a kusa ba. Maganar diloli ba ƙarama ba ce: izinin sayar da kayan kamfani ba ya bin shago kai tsaye idan ya sauya hannu, sai sun amince da sabon mai shi.

Sauran na lauya da akanta ne, zan ratsa su da sauri. Ka sayi kadarorin shagon, ba kamfanin ba, don kada ka gaji bashin da ba ka sani ba. Ka ga takardun harajinsa na shekara uku, wata-wata, ba jimilla ba. Ka tabbatar mai ginin ya yarda a mayar da haya sunanka, da shekarun da suka rage. Albata ba ta da harajin saye na lardi, sai na tarayya da ake kira GST, kashi 5 cikin ɗari, kuma akwai fom da ku biyu za ku cike don kada a ɗora shi a kan cinikin shagon kansa. Akanta ya san shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na san zai zo. Wasu allunan suna da zanen da ba za ka so ka rataye ba, kuma a wasu shagunan ana raba giya daren da ake nuna sabon bidiyo. Kai ke sa oda, kai ke da shago. Ka zaɓi zanen da ka natsu da shi, ka sa lemo da fiza a taron, rabin masu zuwa ma shekarunsu ba su kai na sha ba. Abin da za su lura da shi shi ne ko an yi taron, ko an ci gaba da ba 'yan wasan shagon rangwame, ko an fito da tebur ranar 21 ga Yuni, ranar da masu siketbod ke bikinsu a duniya.

Ka je ka ce wa Baturen kana so, amma za ka fara yi masa aiki ranakun Asabar na wata biyu ba albashi. Ka zauna a ƙarshen bencin da ƙaramin littafi a aljihu, ka riƙa rubuta wanda ya shigo, wa ya kawo shi, me ya saya. Bayan wata biyun ka aiko min da littafin da lissafin kayan da kuka ƙirga, mu ga ko dubu 50 ɗin ta yi yawa ko ta yi kaɗan.