Hukuncin shiga rangadin ɗanɗanon giya a Munich ga Musulmin da ba zai sha ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a birnin Munich na ƙasar Jamus, ina kuma taɓa aiki a wani kamfani. Abokan aikina sun shirya fitar shekara, abin da suka zaɓa kuwa shi ne rangadin gidajen giya. Jagora zai kai mu gidan tarihin giya da wata masana'anta, daga nan a zauna a mashaya a ɗanɗana kala uku ko huɗu tare da abinci. Sun ce ba dole sai na sha ba, akwai wadda babu sinadarin maye a cikinta. Shin zan iya bin su don zumunci da sanin tarihi? Mene ne hukuncin waccan giyar da suka ce ba ta bugarwa? Sannan masu shirya irin wannan rangadi suna neman jagora mai jin Turanci da Larabci, kuɗin kuma da auki. Ya halatta in nema?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ka tambaya kafin ka taka. Bin wannan rangadi bai halatta ba ko da ba za ka kai kofi baki ba, aikin jagorancinsa kuma ya fi shi tsanani. Neman sanin tarihin garin da ilimin sarrafa hatsi halal ne, yana da ƙofofinsa daban. Ga dalilai.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 90, giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, sai ya ce ku nisance shi. Umarnin nisanta ya fi hana sha faɗi, domin ya haɗa da kusantar wurin da hidimarsa. Wasu kan ce ai ayar tana magana ne kan ruwan inabi, giyar Jamus kuwa daga sha'ir take. Sayyidina Umar ya rufe wannan ƙofa a kan mumbari, inda ya ce haramcin giya ya sauka alhali ana yin ta daga abu biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, giya kuwa ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Buhari da Muslim sun ruwaito shi. Abu Musal Ash'ari ma ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da abin shan mutanen Yaman da ake yi da sha'ir, amsar ita ce duk mai bugarwa haramun ne. A cikin Sunan na Abu Dawud akwai Dailamul Himyari, wanda ya kawo uzurin da har yau ake kawowa a Turai, cewa ƙasarsu akwai sanyi ga aikin wahala, suna shan wani abu na alkama don samun ƙarfi. Aka tambaye shi ko yana bugarwa, ya ce e, aka ce su nisance shi.

Batun "ɗanɗano ne kawai" shi ma an gama da shi. Hadisin Jabir ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne, kuma haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala da muke karantawa tun muna yara. Akwai ra'ayin da aka ruwaito daga Imam Abu Hanifa game da ɗan kaɗan na tsimin hatsi, sai dai fatawa a mazhabarsa tana kan maganar almajirinsa Muhammad bin Hasan, wadda ta dace da ta Malik da Shafi'i da Ahmad. Ka kuma sani masu ɗanɗanon giyar hatsi haɗiyewa suke yi, don ɗacin da ke biyo baya a maƙogwaro yana cikin abin da suke aunawa.

Yana da kyau ka san yadda ake yin abin, domin hukuncin yana sauyawa a wani mataki sananne. Ana jiƙa sha'ir a ruwa, a bar shi ya yi tsiro na kusan mako guda, sannan a busar da shi da zafi. Yawan zafin ne ke sa giyar ta fito fara ko baƙa. Sai a ɓarza tsiron, a kwaɓa da ruwan ɗumi, a tsaya a wajen digiri 63, a ƙara zuwa 72, a ƙare a 78. A wannan tsakanin ne garin hatsin ke juyewa sukari. A tace dusar, a tafasa ruwan na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi tare da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, sannan a sanyaya. Har zuwa nan abin da ke cikin tukunyar ruwa ne mai zaƙi, babu maye a cikinsa ko kaɗan. Duk wanda ya ga yadda ake saka tsiro a kunun zaƙi ya san wannan aikin, kuma ya san da tsiron dawa ake fara burukutu, abin da ya raba su shi ne barin ruwan ya tsimu.

A Munich yis ne ke yin wannan tsimin. Da zarar an zuba shi, sai ya fara cin sukarin yana fitar da sinadarin maye da iska. Irin da suke kira Helles ana tsima shi cikin sanyi, wajen digiri 8 zuwa 12, na kusan mako guda, sannan a ajiye shi makonni a wuri mai sanyin gaske, ya fito da maye kusan kashi 5 cikin 100. Na alkama, Weissbier, ana tsima shi a wuri mai ɗan ɗumi, ƙarfinsa ya ɗara haka kaɗan. Wanda ake sha a bikin Oktoberfest yakan kai kashi 6, a kofi mai cin lita guda, wato mililita 60 na tsantsar sinadarin maye a kofi ɗaya. Akwai Salvator na kamfanin Paulaner da ke kusan kashi 8. Wannan matakin tsimi shi ne iyakar da Sunna ta nuna tun farko: Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a bayar ko a zubar, gudun kada ya juye. Saboda haka ƙwayar tsiron da ake miƙa wa baƙi su tauna, da ruwan zaƙin da yis bai taɓa ba, a kan kansu halal ne. Jagora zai yi ta ambaton dokar 1516 da Sarki Wilhelm na Huɗu na Bavaria ya kafa, wadda ta taƙaita kayan haɗin giya ga ruwa da sha'ir da hops. Doka ce ta kayan haɗi da farashi, babu abin da ta sauya game da maye.

Sai zaman kansa, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Hadisin bai ce kada ya sha ba, cewa ya yi kada ya zauna. Malamanmu sun ce ko walimar aure, wadda amsa ta wajibi ne, wajibcin yana faɗuwa idan akwai abin ƙi a wurin da mutum ba zai iya kawar da shi ba. To ina ga zaman da abin ƙin ne dalilin taruwarsa?

Ina rarrabe abu biyu a nan, domin ba na son in ƙuntata maka rayuwa. Musulmin da ke zaune a Jamus ba zai iya kauce wa ganin giya ba, tana kanti, tana jirgin ƙasa, tana gidan abinci. Idan ka shiga gidan abinci don cin halal, wani a teburin gefe yana shan abinsa, babu laifi a kanka. Idan taron aiki na dole ya haɗa ka da mai sha, malamai da dama na wannan zamani sun yi sassauci gwargwadon buƙata, tare da ƙin abin a zuci da tashi da zarar aiki ya ƙare. Rangadin da ka siffanta ya fita daga wannan. An saya maka tikiti ne da kuɗin giyar a ciki, za a ajiye kofuna a gabanka, jagora zai koya wa mutane yadda ake shinshinawa da kurɓa, kowa ya ɗaga kofi a gwara. Kuma kofin da ka ƙi sha, na kusa da kai ne zai ce miƙo, ka ga ka shiga cikin mutum goma da hadisin Anas ya ce an la'anta a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, mai sha, mai ɗauka, da wanda aka kai wa, mai shayarwa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye, da wanda aka saya wa. Abincin wurin ma sai an yi hattara. Schweinshaxe ƙafar alade ce, farin tsiren da suke kira Weisswurst akwai naman alade a ciki, cukun Obatzda kuma sau da yawa ana kwaɓa shi da giya.

Game da wadda aka ce ba ta bugarwa, ka karanta jikin kwalba da kyau. A Jamus rubutun alkoholfrei yana ba da damar maye har zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100, wanda aka rubuta wa 0,0 ne ake nufin babu abin a zo a gani a cikinsa. Radler kuwa giya ce sosai da aka gauraya da lemo rabi da rabi, tana ɗauke da kusan kashi biyu da rabi, haramun ce, kuma baƙi da yawa suna faɗawa cikinta don zaƙinta. Waɗanda ake ce wa marasa maye kuwa iri uku ne. Akwai ruwan tsiron da ba a tsima shi ya zama giya ba, irin malt ɗin kwalba da ake sha a gida Najeriya, wannan halal ne. Akwai wanda aka katse tsiminsa da sanyi tun mayen bai kai ko'ina ba, wannan ya fi kusa da halal tunda bai taɓa kai matsayin bugarwa ba. Na uku shi ne wanda aka gama shi giya cikakkiya sannan aka zuƙe mayen da na'ura, ta hanyar dumamawa ko matata mai ƙananan ƙofofi. A kansa malamai suka saɓa. Shaihu Ibn Usaimin yana cikin masu ganin cewa ma'auni shi ne bugarwa, idan mai yawansa ba ya bugarwa to halal ne, kuma gaskiya ne sai mutum ya sha lita goma na mai rabin kashi kafin ya kai mayen lita guda na Helles. Wasu kuma, kamar majalisar fatawa ta Maleshiya, sun hana duk abin da aka bi da shi ta hanyar yin giya, ko da an cire mayen daga baya. Ni ina karkata ga barinsa, domin kwalba ba ta cika faɗin hanyar da aka bi ba, kuma ɗanɗanonsa da ƙamshinsa na giya ne, yana saba wa harshe abin da ake so ya ƙyamata. Ba na ce wa wanda ya sha shi a ɗakinsa bisa waccan fatawar mashayi. Amma riƙe shi a teburin rangadi bai halatta zaman ba, hanin yana kan majalisar ne.

Aikin jagora kuwa haramun ne, kuɗinsa ma haka. Jagora shi ne mai kai mutane mashaya, mai odar kofuna, mai kwarzanta kowace kala don a so ta. Allah ya ce a aya ta 2 ta Ma'ida kada ku taimaki juna a kan saɓo da ƙetare iyaka, Annabi kuma ya ce wa mutumin da ya so sayar da salkar giya: wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne neman mai jin Larabci, domin a fili yake su wa ake so ka jawo. Harsunan nan biyu da kake da su jari ne. Nemi jagorancin rangadin tarihin gari, wanda ke bi ta dandalin Marienplatz da fadar Nymphenburg da gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum. Idan hanya ta bi da ku ta ƙofar Hofbräuhaus ka ce wannan gidan giya ne da masarauta ta kafa a 1589, ko ka ce bikin Oktoberfest ya samo asali daga auren Yarima Ludwig a 1810, ka ba da labari ne, babu laifi, matuƙar shiga a sha ba ya cikin tsarin.

Haka ilimin ma. Sanin yadda yis ke aiki da yadda gari ke zama sukari ana buƙatarsa a burodi da magani da sarrafa abinci, na'urar sanyi ta Carl von Linde ma a masana'antar Spaten aka fara kafa ta a 1873. Karanta wannan a littafi ko a aji halal ne. Kallon kayan tarihi a gidan ajiya da rana, ba tare da tikitin ɗanɗano ba, ina ganin babu haramci a ciki ga mai wata buƙata ta karatu. Abin da ba zan ba da fatawarsa ba shi ne ɗaukar fannin dafa giya a matsayin sana'a, irin wanda ake koyarwa a makarantar Weihenstephan da ke kusa da Munich.

Ka sami shugabanka tun kafin a sayi tikiti, ka gaya masa cikin ladabi cewa addininka ya hana ka zaman shan giya, kuma kana son kasancewa da su a wani abin. Kada ka fake da ciwon ƙarya, don baɗi ma za a sake gayyatarka. A ƙa'idar aiki a Jamus irin wannan fita ba dole ba ce, iyaka idan ta faɗo a lokacin aiki a ce ka zauna ka yi aikinka. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkinsu ya kare 'yancin addini, dokar daidaito ta 2006 kuma ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda shi. Idan shirin ranar yana da wani ɓangare kafin rangadin, kamar zagaya gari ko shan shayi, ka halarci wannan ka yi musu sallama kafin su nufi mashaya. Ka kuma kawo shawarar inda za a je a fita ta gaba, ka ɗauki nauyin shirya ta da kanka.

Wallahu a'alam.