Habost ko Tàbost, wanne za a rubuta?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina karatu a Sikotilan, an sa mu aikin tattara sunayen wurare a gundumar coci ta Barvas da ke tsibirin Lewis, sai na ga ƙauye ɗaya taswira ta ce Habost, allon hanya kuma ya ce Tàbost. Wanne ne daidai don Allah?

Amsa: To 'yar uwa duka biyun ki rubuta, kar ki jefar da ko ɗaya tukuna. Sunan nan harsuna uku ya ratsa kafin ya iso gare ki. Mutanen Norway ne suka riƙe tsibiran nan har zuwa 1266, kuma yawancin sunayen ƙauyukan Lewis daga bakinsu suka fito, wannan "bost" ɗin da kike ta gani a Suaineabost da Siabost ma'anarsa gona da gidan da ke cikinta. Masu yaren Gelik, yaren mutanen tsibirin, suka gaji sunan, amma a yarensu sautin t yakan koma h idan wasu kalmomi suka zo gabansa, da suka ji Ha sai suka ɗauka ai asalinsa Ta ne, shi ya haifi Tàbost. Rubutun Ingilishi kuma ya tsaya a kan h ɗin. Shi ma Barabhas da Barvas haka ne, Gelik haruffa 18 gare shi, babu v, sai a sa bh.

Mu ma ai mun san wannan, Sakkwato ta zama Sokoto, Tawa ta zama Tahoua a hannun Faransawa.

Amma gaskiya sunan ƙauye ba shi ne wahalar ba, waɗannan akwai wata ƙungiya, Ainmean-Àite na h-Alba, da ke daidaita rubutunsu na Gelik, ki duba wajensu. Aikin yana ga ƙananan sunaye, dutsen da ake tsayawa a kama kifi, wata 'yar rijiya, bukkokin da ake kai shanu kiwo da bazara, waɗanda masu safiyo na Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, da suka auna tsibirin wajen 1850 suka rubuta wasu suka tsallake da yawa, sauran suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai. Ki zauna da dattijo da taswira a gabanku, ki kunna rikoda a wayarki kafin ki taɓa biro, ya faɗi sunan shi kaɗai sannan ya sa shi cikin jimla, don a jimla farkon sunan kan canza. Ki sa alama a wurin, ki rubuta ƙauyen mai maganar da ranar. In mutum biyu sun saɓa kar ki yi musu alkalanci, ki ajiye duka.

Ki kuma leƙa Comunn Eachdraidh Nis, ƙungiyar tarihin yankin Ness da ke arewacin tsibirin, tun 1977 suke tara irin wannan, kar ki sha wahalar abin da an riga an yi.