Me ya kai DNA ɗin ɗan Adam cikin bakteriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Malaminmu ya ce kafin a zana taswirar kuromosom ɗin ɗan Adam sai da aka ajiye DNA ɗinsa a cikin bakteriya. To me ya haɗa mu da bakteriya kuma? Daga wata ɗalibar kimiyya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Gazawar injuna ce ta haɗa mu. DNA ɗinmu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayoyin jikinmu, ya kai haruffa kusan biliyan 3, injunan da aka soma aikin karanta shi da su a 1990 kuwa 'yan ɗaruruwa kawai suke karantawa a tashi ɗaya. Dole a daddatsa shi.

Akwai sinadarin da ke yanka DNA, amma ba a barinsa ya gama aiki. Da gangan ake tsayar da shi, don guntayen su fito manya, ƙarshen wannan ya hau farkon wancan. Ta nan ake gane wane guntu ne maƙwabcin wane. Kowane guntu sai a liƙa shi a wani zoben DNA, a cusa cikin ƙwayar bakteriyar da ake kira E. coli. Duk sanda ta rabu biyu, ta kwafe shi kyauta. Daga nan a tsince bakteriyar ɗaya-ɗaya zuwa faranti mai ramuka 384, kowane rami da lambarsa, a sa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.

Da farko yisti aka dogara da shi. YAC, wato kuromosom na ƙirƙira da ake cusawa cikin yisti, wanda Maynard Olson da abokan aikinsa suka fitar a 1987, yana iya ɗaukar haruffa har miliyan 1. Matsalarsa ita ce sau da yawa guntaye biyu daga kuromosom daban-daban sukan manne su zama ɗaya, taswira ta yi ta zuba ƙarya. BAC, wato zoben DNA ɗin nan da ake cusawa cikin bakteriya, wanda Hiroaki Shizuya da Melvin Simon suka kawo daga jami'ar Caltech ta Amurka a 1992, bai cika wuce haruffa 300,000 ba, amma yana da riƙon amana. A ganina wannan canjin ne ya ceci aikin, ko da yake ba a cika ba shi haƙƙinsa a aji ba.

DNA ɗin wa aka adana? A 1997 aka buga talla a jaridar Buffalo News ta jihar New York ana neman masu ba da jini. Masanin kimiyya Pieter de Jong ya haɗa tarin guntayen DNA da ake kira RP11 daga jinin wani mutum da aka sakaya sunansa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na jerin haruffan DNA ɗin ɗan Adam da aka kammala a 2003 daga jikinsa ya fito. Daga baya bincike ya nuna kakanninsa sun haɗa da 'yan Afirka da Turawa.